Hayaƙin Masata

Da mai gyara ya kwance kwamfutar, ina tsaye a kansa, ba wanda ya kira ni. Ita ke haɗa rezon intanet na ofishin masu tirela da na Gaya. Kwanakin baya mai ofis ya ce hayaƙin masar da nake toyawa zai lalata ta, ya kore ni daga bakin tagarsa. Ban daɗe da tashi ba ta mutu.

"Duba da kyau, ɗan nan," na ce. "Sunana aka ɓata."

Ya canja waya, shiru. Ya leƙa wurin fanka, sai dariya. Zanzaro ne suka yi gida, suka toshe iska.

"Inna, ashe hayaƙinki ke korar su."

Washegari na koma bakin tagar, mai ofis da kansa ya durƙusa yana hura mini wuta. Sai da idanunsa suka yi ja na ce ya isa.