Raƙumar Alhaji Ɗantani

Sau biyu wuƙar ɗan fashin ta shiga kafaɗar Dattijo direba kafin ya buge ta. Ta sulale ƙarƙashin motar.

Motar Alhaji Ɗantani ce, sabuwa fil, 'yar 1976. Mutanen Wudil na kiranta Raƙuma. Irin motar nan ce da direba ke iya ɗaga cikinta sama ko ya sauke shi ƙasa, kuma da safen nan Dattijo ya ɗaga shi sama, don kada ramukan hanyar Lajawa su jijjiga ta.

"Jira ni, malam direba," in ji ɗan fashin yana dariya. "Yanzu zan ƙarasa ka."

Ya kwanta rub da ciki, ya kutsa ƙarƙashin motar har ƙugu.

Dattijo ya ja jiki zuwa kujerarsa, ya tura ɗan ƙarfen da yake turawa kullum idan Alhaji zai sauka.

A hankali, Raƙuma ta durƙusa.