Fuska a Kan Teku

Jirgin ƙasan Delhi ya motsa, Baba bai zo tasha ba.

'Yarsa ta jingina kai da taga, takardar shiga kwalejin likitanci a cinyarta. Wata biyu hotonta na rataye a ƙofar makarantarsu ta Katolika, a jikin ƙaton ƙyalle, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya zo na ɗaya. Baba, masunci, bai taɓa ɗaga kai ya kalla ba. Sai ranar da aka sauke ƙyallen ya je wajen shugabar makarantar, yana ƙarnin kifi.

"Sista, in an gama da wannan, a ba ni."

"A ɗaki za ka rataya?"

"Ɗaki? Ai wannan ruwa ba ya ratsa shi."

Ƙawayen 'yarsa suka bushe da dariya. "Likita, da fuskarki za a rufe busasshen kifi!"

Tun ranar ba ta ƙara yi masa magana ba.

Jirgin ya fito daga cikin itatuwan kwakwa, teku ta buɗe, hantsi na rawa a kanta. Mama da ke zaune kusa da ita ta zungure ta.

"Ke, dubi can."

Kwalekwale ɗaya ne ke bin gaɓa a hankali. Ƙyallen da ke ɗaure a sandarsa ya cika da iska: fuskarta ce, tana murmushi, ita ke jan sa. A ƙarƙashinta ga wani ɗan tsoho riƙe da igiya, ya ɗaga kai, yana ta kallon fuskar 'yarsa.