Motar da Ko Ƙuda Bai Taɓa Ba

Da maigidan ya ji ƙofar motarsa ta lotse a jikin katanga, sai gabansa ya faɗi. Shekara biyar yana yi wa iyalinsa gori: "Ko ƙuda bai taɓa ƙwarzanar motata ba." Masu inshora kuwa ba sa biyan kuɗin gyara sai an rubuta musu sunan wanda ya yi ɓarnar, don haka ya sulale wurin mai gyara.

"Rufa min asiri, kada 'yan gida su ji."

Mai gyara ya shafa ƙofar, ya kwashe da dariya.

"Haba maigida, ai ni da ƙofar nan mun saba. Uwargida ta kawo ta sau biyu, babban ɗanka sau uku, har ƙaninka. Kowa da wannan roƙon yake zuwa. Dama kai kaɗai muke jira."