Leɓen Mai Algaita

Ka ce ɗanka ya bar maka maƙera ya tafi tuƙin mota, kana ta huci kamar zugazuginka. To gyara zama, ɗan'uwa, ka ji yadda aka yi da wani mabushi.

A wani ƙauye an yi mai algaita wanda gidansu ne ke yi wa gayya busa tun kaka da kakanni. Duk wanda ya isa riƙe garma a garin yana da takensa, kuma ba wanda ya haddace su duka sai shi. In ya busa naka, ko kunama ce ta harbe ka sai ka kai ƙarshen gona. Mutum ne mai ji da kansa, kuma ya isa ya ji. Sai wata damina leɓensa na sama ya kama rawa, yana motsi shi kaɗai ba a aike shi ba. Nan fa kowa ya zama likita. Matarsa ta ce goro ne ya yi masa yawa, ga shayi mai kauri safe da yamma. Wata tsohuwa ta ce baƙo zai yi, ko kuwa ana cin namansa a wani wuri. Malamin asibiti ya duba ya ce jijiya ce ta gaji da matse bututu shekara da shekaru, ga ƙarancin barci. Ya ce ya rage goro, ya rataye algaita sai kaka. Wannan magana ba ta yi masa daɗi ba. Shi ya fi son a ce mabushin ƙauyen gaba ne ya yi masa jifa, domin wanda ake jifa babba ne, wanda ya gaji kuwa tsoho ne. Sai ya shiga turare da ɗaure-ɗauren layu, ya ƙara goro don ya samu ƙarfin gwaji, leɓe kuwa ya ƙara rawa. Da gayya ta matso, sarkin noma ya aiko masa cewa in ba zai iya busa ba ya faɗa tun da wuri, a ɗauko na ƙauyen gaba. Abin da yake gudu ke nan: baƙo ya tsaya a gonar garinsu yana busa, a ce gidansu ya mutu a hannunsa. Ɗansa namiji guda ne, magidanci, tela a birni, wanda tun da ya fara tasawa ya ce shi ba ya son kumatun mabusa. Uban ya yi fushi, ya rantse ba zai ƙara yi masa maganar algaita ba, kuma bai ƙara ba.

Ranar gayya telan ya zo gida duba jikin uban, yana tsaye bayan taro da rigarsa mai guga. Samari suka jeru da garemani. Tsoho ya kai algaita baki ya cika kumatu, leɓe ya ƙi riƙewa, iska ta zurare ta gefe, wani ɗan kuka ya fito kamar na ɗan akuya. Ya sake, haka. Ba wanda ya yi dariya. Sarkin noma ya juya yana neman wanda zai aika ƙauyen gaba, sai ga tela ya ratso mutane, ya durƙusa gaban ubansa ya miƙa hannu biyu, ya ce, "Baba, ara mini." Tsoho ya ba shi. Da farko muryar algaitar ta yi gargada, sannan ta miƙe, ta ɗauko taken sarkin noma ta dire, ta shiga na manyan gari ɗaya bayan ɗaya ba yanke numfashi, irin busar da aka koya masa da tsinken kara a ƙwaryar ruwa tun bai san dama da hagu ba. Ashe duk shekarun da yake taka keken ɗinki, taken nan ne ƙafarsa ke bi. Garemani suka shiga cin ƙasa, ƙura ta tashi, mata suka ɗauki guɗa. Tsoho ya tsaya gefensa yana rera masa taken sabbin samarin da bai sani ba, shi kuma yana cafewa. Daɗi ya cika tsoho har ya rasa inda zai sa kansa. Wani baƙo ya tambaya daga wane gari aka ɗauko wannan gwani. Tsoho ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Nawa ne. Ni kaina sai na yi da gaske nake kaiwa inda ya kai yanzu."

Don haka ka bar wa yaronka sitiyarinsa, ka ci gaba da dukan ƙarfenka inda zai riƙa ji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.