Agogon Manaja

"Agogo zai yi aikinka, Baba, shi kuma ba ya cin albashi," in ji sabon manaja, yana miƙo mini takardar sallama.

Shekara ashirin ina taɓa kwaɓin bulo mai kumfa da tafin hannu, in gane ya tashi, ya isa yanka. Yanzu agogo ne zai faɗi lokacin yankan.

Wata guda cur bulo na fitowa daga tukunyar tururin da ake dafa shi a tsattsage. Mai kamfani ya zo har gidana.

"Ka dawo, Baba. Yau zan kori manajan."

"Haba, ranka ya daɗe, yana da iyali. Ina neman mai wanke kwanukan zubin bulo. A ba ni shi, a kan albashin da ya rage wa leburori."