Kwalbar Masu Lafiya

Ihun abokiyar aikina ne ya tara mu a gaban na'urar. Sabon gwajin da muka yi shekaru muna haɗawa ya yi aiki: daga ɗigon jini yake karanta saƙon ƙwayoyin halitta, ya gano ciwon dajin hanji tun bai bayyana ba.

"Malam, yi murmushi mana, kyauta ne!" in ji ta, tana tafi. "Kuskure ɗaya tak ya yi. Ya ɗora wa wata kwalba alamar ciwo, alhali ta masu lafiya ce."

Na duba lambar kwalbar, na gane ta. Lokacin da jinin masu lafiya ya yi mana ƙaranci, mu ma'aikata ne muka miƙa hannuwanmu. Ni ma na bi layi, duk da murɗawar cikin da na daɗe ina ɗora wa yaji laifinta.

Dariya ta kuɓuce mini.

"Bai yi kuskure ba, 'yata. Jinina ne."

Na fita baranda na kira matata. "Likitan nan da kike ta yi mini naci a kansa, turo mini lambarsa."