Gwangwani Na Arba'in Da Takwas

Tun kafin masu aiki a Abuja su gama cika motocin safe, Dabo mai gyaran firji ya riga ya shiga shago shida a Keffi da buhu a kafaɗa.

Abu ɗaya yake tarawa: wani man feshi na ƙurajen zafin yara, mai shuɗin gwangwani da hoton jariri yana dariya. Iyaye mata sun yi wa man caa tunda aka ce kayan Abuja ne. Jiya kuwa a unguwar Gangaren Tudu wata uwa ta fesa wa 'yarta mai shekara biyu bayan wanka, kaskon turaren wuta na gefen ƙafarta. Wuta ta bi feshin ta kama yarinyar. Tana asibiti, an naɗe ta tun daga wuya har cibiya.

"Iskar da ke turo man ce matsalar," in ji Dabo ga duk mai shagon da ya tambaya. "Gas ɗin girki ne a ciki."

Babu wanda ya yi masa musu. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana ɗura gas a firji ai ya san abin da yake faɗa. Har albarka ake sa masa, shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi. Bai taɓa tambayar wane shago ke da man ba, ƙafarsa ce kawai ke kai shi.

A shagon Madam Filomina, na ƙarshe, ya zazzage buhun ya lissafa da babban yatsansa mai tabon ƙunar sanyi. Ya sake lissafawa. Arba'in da bakwai, har da waɗanda ya bi gida-gida ya karɓo da wanda ya ƙona yarinyar.

"Saura ɗaya," ya ce.

"Ah, oga Dabo, wannan yana gidanka," in ji Filomina. "Madam ɗinka ta saya yanzu-yanzu. Ta ce ƙuraje sun hana Akram barci."

Buhun ma a nan ya bar shi. Ya haye acaba, suka faɗa cunkoson hanyar Abuja, tirela ta gindaya, babu gaba babu baya. Ya kira Hajo matarsa sau huɗu, wayar na ta ringi a banza. Ya san dalili: Hajo ba ta taɓa waya in tana yi wa ɗansu wanka, ba ta kuma sa masa riga sai ta turara ta. Ya diro ya ƙarasa da gudu.

Tun daga zaure ƙamshin turare ya tare shi.

Akram na tsaye tsirara a kan tabarma, yana dariya. Kaskon turare cike da jan garwashi na gefensa. Hajo ta girgiza gwangwanin, ta ɗora yatsa.

Dabo ya kaɗe hannunta da ƙarfin da bai taɓa yi mata ba. Gwangwanin ya gangara bakin rariya, yaron ya fashe da kuka.

"Baban Akram, lafiyarka kuwa?" in ji Hajo, tana riƙe da hannunta. "Mai kyau ne fa, daga Abuja ake kawo shi. Ka dubi takardar jikinsa mana!"

Bai duba ba. Ya san a karkace take, domin haka ya manna ta ranar Talata a bayan shagonsa, bayan ya gama ɗura wa duka gwangwanaye arba'in da takwas ɗin gas ɗin girki.